Daga ina muka samo kalmar "harshe"?

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarauta ba, na sunayen gaɓoɓin jikinmu.

Ku ɗan faɗi waɗannan a bakinku: hanci, haƙori, harshe, haɓa, hannu, hanta, hanji, hammata. Kun ji yadda duk suka fara da "ha"? Masanin Hausa Paul Newman yana ganin wannan "ha" ɗin tsohon ɗafi ne da aka liƙa wa sunayen sassan jiki tun da daɗewa. To, cire shi daga "halshe", yadda Sakkwatawa ke faɗa, sai ka ga "l" da "sh" sun rage. Balarabe yana cewa lisan, Bayahude lashon, Buzu iles, Kibɗawan Masar kuma las. Haka ƙashi: Kibɗawa kas suke cewa.

Nan ne mutane ke cewa ai Hausa daga Larabci ta fito. A'a. Littafi, alƙalami da hankali aro ne, sun zo tare da Musulunci da karatu. Amma mutum ba ya jiran baƙo ya koya masa sunan harshensa. Ku duba nan Birnin Kudu da Gwaram: shekaru nawa muna cuɗanya da Fulani, kasuwa ɗaya, ga auratayya? Duk da haka Bafulatani ɗemngal yake ce wa harshe, yitere ido, hoore kai. Kamar da ke tsakanin halshe da lisan gado ce daga kaka ɗaya. Joseph Greenberg ya zayyana wannan dangi a littafinsa na 1963, ya sa Hausa cikin reshen Cadi.

Abin da ya dame ni shi ne, a reshen nan muna da 'yan uwa a ƙofar gida: Warjawa, da ke ƙasar Birnin Kudu zuwa Warji ta jihar Bauchi. Da irin harshensu masana ke auna tsufan kalmominmu. Amma yara da yawa sun koma Hausa zalla, don muna yi musu dariya muna cewa "yare".

Muna alfahari da zanen Dutsen Habude, kuma ya dace. Sai dai dutse zai jira, tsoho kuwa ba zai jira ba. Duk mai kaka Bawarje, ya ɗauki waya ya naɗi yadda take kiran ido, hanci da haƙori, ya turo mana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.