Daga Rali Zuwa Keken Tsauni: Tarihin Hanyoyin Keke Tsakanin Funtua da Dajin Kogo

Idan kana yawan leƙa YouTube ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum da hular kwano a kan keke mai kaurin taya, yana gangarowa daga tudu ta tsakiyar itatuwa, ga tafki can ƙasa yana ƙyalli. Wasan keken tsauni ke nan, kuma a ƙasashe da dama a gandun daji ake shata masa hanyoyi. Wataƙila ka taɓa tambayar kanka, shin mu nan me ya hana? To, kudancin Katsina dai yana da duwatsu, yana da dam, yana da dajin da gwamnati ta ce ya zama gandun ƙasa, keke kuwa tun zamanin En'e yake nan. Bari mu bi tarihin, ka ga yadda aka yi waɗannan huɗun suka kasa haɗuwa.

Keken da ka sani, mai taya biyu daidai wa daida da sarƙa, ya fito ne a Ingila a 1885, daga hannun John Kemp Starley. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake sa wa iska, ita ce ta rage wa mahayi jijjiga a hanya marar kyau. Auduga da jirgin ƙasa ne suka buɗe wa keke ƙofa a yankin Funtua. Kamfanin auduga na BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya gina injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta Funtua da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ya tafi da auduga, ya dawo da haja. Manomin da ya sayar da auduga da kaka ya samu kuɗi a dunƙule, cikin manyan abubuwan da yake buri kuwa har da keke. Raleigh na birnin Nottingham, wanda muke kira Rali, shi ne sarkinsu, har daga baya aka kafa masana'antarsa a Kano. Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka biyo baya. A lokacin sai ka yanki lasisi a En'e, a ba ka lamba ka maƙala a jikin keken.

Ina waɗannan kekuna suke bi? Ai kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ba. Sauran duk turba ce, wadda ƙafa da jaki suka fitar: iyakar gona, gefen burtali, gangaren rafi. Mutum ya ɗaura buhun masara a kariya, ya bi turbar da faɗinta bai fi kamu biyu ba, ya haura tsakuwa, ya ratsa yashi, ya isa kasuwar Bakori ko Dandume. Irin wannan siririyar hanya ita ce 'yan wasan keken tsauni suke kashe kuɗi su gina a yau.

Ka lura da shekarar 1975. A lokacin ne aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aikin ya shimfiɗa hanyoyin jan ƙasa zuwa ƙauyuka, ya gina ƙananan dam-dam, ya buɗe wuraren sayar da taki. Can kuma a Amurka, a gundumar Marin da ke arewa da San Francisco, wasu samari sun tsinto tsofaffin kekuna masu nauyi samfurin Schwinn na shekarun 1930, suna gangarowa da su daga kan tsauni don nishaɗi. A watan Oktoba na 1976 suka fara tseren Repack, gangaren kilomita uku da 'yan kai mai zurfin kusan mita 400. Sunan ma daga birki ya samo asali: kafin a sauko, giris ɗin birkin ya ƙone, sai an sake cusa wani. Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan hanya a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa a 1981, zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Me suka sauya a jikin keken? Na farko giya. A ce farantin gaban Rali haƙoransa 44, na baya 18. Duk zagaye ɗaya na feda zai kai ka kusan mita biyar da rabi. A shimfiɗe lafiya lau, amma a tudu ƙafarka ba za ta iya ba, shi ya sa kake ganin dattijo ya sauka yana turawa. Keken tsauni na yanzu yana iya komawa haƙora 32 a gaba, 50 a baya, zagaye ɗaya mita ɗaya da rabi kacal: tafiya a hankali, amma ƙarfin da kake sawa ya ragu fiye da ninki uku. Na biyu taya. Mai kauri ba a cika mata iska sosai, sai ta baje a ƙasa, nauyi ya rarrabu, ba ta nutsewa a yashi. Na uku birkin faranti, wanda yake kamawa ko da laka, saɓanin birkin sanda na Rali da ke sulɓewa da zarar rim ya jiƙe.

Yanzu dubi ƙasar. Yankin Funtua yana zaune a kan tsohon dutse mai ƙarfi, wanda wani sashensa ya kai shekara miliyan 600, shi ne ya bar curarrun duwatsun nan da kake hangowa daga mota. Nan ne mafarin gulbin Sakkwato, kuma dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye, masu shayar da Funtua, suna yankin. Daga yamma ga dajin Kogo ta wajen Faskari da Sabuwa, bayansa kuma dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandun ƙasa goma, har da Kogo da Falgore ta Kano.

Sai dai a Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtua, Malumfashi, Faskari da Sabuwa. Babur, wanda ya ture keke tun shigowar masu arha daga Sin, shi ne ya zama abin hawan 'yan bindiga, turbobin da manoma suka fitar kuma suka zama hanyarsu ta shiga da fita. Dajin da manomi ba ya iya kusanta don noma gonarsa, ba mai shigarsa yawon shaƙatawa. Amincewar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta sauya wanda yake riƙe da dajin ba.

Ko an samu zaman lafiya, akwai aikin ilimi a gaba. Ruwan Funtua ya kai kusan milimita 1,000 a shekara, kuma cikin 'yan watanni yake zuba. Turbar da ta miƙe tsaye daga kan tudu zuwa ƙasa, da damina magudana take zama, ta zaizaye, ta kai yashi cikin dam har ya cike. Masu gina hanyoyin keke suna da ƙa'ida: hanya ta riƙa kewaya tudu, gangarenta kada ya wuce rabin gangaren tudun, a kuma ɗan karkatar da ita yadda ruwa zai tsallake ta ya wuce. Wannan ƙa'ida za ta amfani turbar gonarka tun kafin a yi zancen wasa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, keke ya fara dawowa, kuma da yawa daga cikin na gwanjo da kake gani a kasuwa kekunan tsauni ne da aka gama yayinsu a Turai da Asiya. Ɗan makaranta a Malumfashi yana hawan abin da aka ƙera don gangaren Marin, mai faci ya koyi gyaran giyarsa. Keken ya riga ya iso, mahaya kuma suna nan. Idan wata rana aka wayi gari yaro ya hau keke daga Mairuwa zuwa bakin Kogo ya dawo gida lafiya, to uban yaron ma ya koma gonarsa ta bakin daji.