Tarihin Urgun, Abin Busan Da Ake Yi Wa Tattaki

Duk mutumin Madawa ko Buza ko Keita da ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita, ya ga yadda yake kumbura kumatu yana shaƙar iska ta hanci domin kada sauti ya yanke, to, ya riga ya fahimci mas'alar da ta haifi urgun, wato abin busan nan mai bututai jere, wanda ake danna allunansa da yatsu da ƙafafu. Wanda ya fara warware ta da hikimar injiniya shi ne Kitisibiyus, mutumin Iskandariyya, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sa'ad da ya sa nauyin ruwa ya riƙa matse iska tana shiga bututai ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka bar ruwa aka koma ga zugazugi.

Abin da ya kamata ɗalibinmu ya sani shi ne, wannan ilimi bai wuce malaman Musulunci ba, domin risalar da ake jinginawa ga wani hakimi mai suna Murisɗus, wadda ta yi bayanin ƙirar urgun, a cikin Larabci ta wanzu har ta iso zamaninmu. Haka kuma Banu Musa, ƴan'uwan nan uku na Bagadaza a ƙarni na 9, sun wallafa sifar wata na'ura mai busa sarewa da kanta da ƙarfin ruwa. A wancan zamani urgun kayan alfarmar sarakuna ne, ana ɗaukarsa daga daula zuwa daula. A shekarar 757 Sarkin Rum Kusɗanɗin na Biyar ya aika wa Pepin, sarkin Faranja, da guda ɗaya, kuma a 1599 Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta tura Thomas Dallam ya raka wani da ya ƙera ta teku har Santambul, ya harhaɗa shi, ya kaɗa a gaban Sultan Muhammadu na Uku.

Amma da urgun ya shiga majami'un Nasara sai ya yi ta girma har ya zama sashen gini, ana auna bututansa da faɗin ɗaki da yadda amo yake dawowa daga bango, ta yadda ba a samun biyu masu murya ɗaya; na majami'ar Notre-Dame ta Paris, wanda ya tsira daga gobarar 2019, bututansa sun kai kimanin 8,000. Tun da abin ya kafu ba ya motsi, ala tilas makaɗi ya zama matafiyi, kuma a ganina nan ne al'amarin ya fi ban sha'awa, saboda ya ɗauki sifar rihlar neman ilimi. A 1705 makaɗin nan Johann Sebastian Bach, yana ɗan shekara 20, ya taka da ƙafa daga Arnstadt zuwa Lübeck, tafiyar kusan kilomita 400, domin ya saurari dattijon makaɗin urgun Buxtehude. Izinin mako 4 aka ba shi, bai komo ba sai bayan wajen wata 4, har magabatansa suka tuhume shi.

Wannan al'ada ba ta gushe ba. Masu wannan fanni suna hawa tudun Valère a garin Sion na ƙasar Suwizalan domin wani urgun da aka ƙera wajen 1435, wanda ake lissafa shi cikin mafi tsufa da har yanzu suke amsawa, kuma a yankinmu akwai babba a majami'ar Cathedral Church of Christ da ke Ikko. Ladabin ziyarar kuwa sananne ne: baƙo yakan rubuta wa makaɗin wurin tun kafin ya taso, ya ambaci malamin da ya koyar da shi, ya nemi sa'ar da babu ibada, sannan ya zo da takalmansa na musamman masu siririn tafi, waɗanda ba a taka ƙasa da su.