Bindigar Araha: Daga Ganuwar Osu Zuwa Zangon Nima

Ɗan'uwa makiyayi, da kai bafatake mai ƙetare iyaka. In kana tunanin sayen bindigar farauta mai sauƙin kuɗi, tsaya ka ji inda wannan ciniki ya samo asali, don tarihinsa zai iya tsare maka yatsunka.

In ka baro Nima ka nufi bakin teku a Ankara, za ka tarar da tsohuwar ganuwar Osu, wadda Turawan Danmak suka riƙe tun wajen 1660 har suka sayar wa Ingila a 1850. Ta nan da sauran ganuwoyin bakin teku aka riƙa shigo da doguwar bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, ana musayarta da zinariya da bayi. Saboda 'yan Danmak ɗin ne Turawa ke ce mata "Dane gun" har gobe, ko da yake da yawa a Birmingham ta Ingila aka ƙera su. Mu kuwa mun san ta da bindigar toka, wasu su ce harbi-ka-ruga. Sunan kansa ya gaya maka halinta, in ka harba sau ɗaya sai ka sake ɗuri, naman dawa kuma ba zai jira ka ba.

Maƙeran Turai sun san kasuwar da suke yi wa aiki. Da ƙarfe mafi arha suke yin bindigar da za a kai Afirka, bututunta kuwa ya yi suna wajen fashewa a hannun mai ita. A 1813 aka buɗe gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake cika bututu da albarushi fiye da kima a harba. In ya jure, sai a buga masa tambari a jikin ƙarfen. Riƙe maganar tambarin nan, za mu dawo kanta. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigar zamani cikin yawancin Afirka, suka bar mana ta toka. Shi ya sa kakanninmu mafarauta suka daɗe da ita.

Hausawa sun san ƙasar nan tun zamanin fataucin goro a Gwanja. Wasu sun zo da kakin soja, irin waɗanda Kyaftin Glover ya kwaso daga Legas a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kumasi da Kete Krachi da Ankara. Ita Nima kanta mashayar dabbobi ce da farko: Malam Amadu Futa, Bafulatani mai cinikin shanu, shi ya nemi filin daga mutanen Osu a farkon shekarun 1930. Daga baya gari ya cika har ya haɗe da Maamobi. Ka ga ashe zangon nan na masu shanu da masu tafiya ne tun asali, irinka ke nan.

Yau abin da ya gaji bindigar toka shi ne mai baki ɗaya, wadda ake karya ta a tsakiya a sa harsashi. Ɗaya daga cikin irinta ita ce Baikal, ƙirar garin Izhevsk na Rasha. An yarda da ita don kayan cikinta kaɗan ne, abin da zai lalace bai da yawa. A gefe guda akwai ƙirar gida, kamar ta maƙeran Alavanyo a yankin Volta. Gwanaye ne, babu musu, amma bututunsu bai bi ta gidan gwaji ba, kuma harsashin zamani ya fi albarushin da ƙarfi nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

To, in za ka saya, duba tambarin gwaji da lambar bindiga a jikin ƙarfe. Karya ta ka leƙa bututun a hasken rana. In ka ga ramukan tsatsa ko kumburi, ajiye ta. Rufe ta ka girgiza, in mahaɗar tana rawa ta tsufa. Sannan ka karanta tsawon harsashin da aka rubuta mata, kada ka sa mai milimita 76 a wadda aka yi wa mai 70.

Sai maganar hukuma, wadda ta fi tsatsa saurin cinye mutum. A Gana dokar makamai ta 1972 ta wajabta rajista wurin 'yan sanda, lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi. Tun 2007 akwai hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta don dabbobi su hayayyafa, in ban da gyazbi, shi ma sai da takarda. Ƙasashen ECOWAS kuma sun sa hannu a Abuja a 2006 kan hana yawo da makamai tsakaninsu. Takardar da aka ba ka a Ankara ba ta aiki bayan ka wuce Aflao ko Paga. Kai makiyayi ka san yadda rikicin gona da shanu ya yi zafi a wurare irin su Agogo. In aka kama ka da bindiga babu takarda, ba wanda zai saurari cewa ta farauta ce, garken ma yana iya salwanta kana tsare.

Saboda haka lissafa kuɗin lasisi cikin kuɗin bindiga tun kafin ka taya, ka saya wurin dillali mai izini, in za ka ƙetare iyaka kuma ka bar ta a gida. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da kasuwa.