Matar da Ta Raɗa wa Najeriya Suna

Ranar 8 ga Janairu 1897, jaridar The Times ta Landan ta fito da wani rubutu da ke kukan cewa sunan ƙasashen da ke hannun Kamfanin Royal Niger ya yi tsawo, ba ya daɗin faɗi. Aka kawo shawarar a kira su Najeriya. Mai wannan shawara mace ce, Flora Shaw.

Ba 'yar talakawa ba ce. Kakanta Sir Frederick Shaw mai sarautar gado ne a Ireland, babban alƙali a Dublin, kuma ɗan majalisa. Ita dai an haife ta a Woolwich a 1852, inda mahaifinta ke aikin soja, amma ta sha zama a gidan kakan nata, har littafinta na farko, Castle Blair, a Ireland ta kafa labarinsa.

Mace mai irin wannan asali ba a san ta da farautar labarai ba. Flora ta shiga da ƙafar dama. A Gibraltar ta yi ta zirga-zirga wurin Zubairu Fasha na Sudan, wanda Turawan Ingila suka tsare a can, tana zama da shi tana rubuta abin da ya faɗa. A 1893 The Times ta damƙa mata shafin ƙasashen mulkin mallaka kacokan, ta zama ta hannun daman irin su Cecil Rhodes da George Goldie, shugaban Kamfanin Royal Niger. Alƙalaminta kaifi gare shi, sai dai mamaya ya yi wa hidima.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin. Sa'ad da take raɗa sunan, ko ƙafa ba ta taɓa sakawa a ƙasar ba. Sarkin Musulmi Abdurrahman na kan gadonsa a Sakkwato, ba wanda ya ji ta bakinsa. Kafin watan Janairun ya ƙare sojojin Goldie sun ci Bida, Ilori ta biyo baya. Da fari ma sunan bai haɗa da Legas ba.

A 1902 ta auri Gwamna Lugga, ta biyo shi Arewa, zazzaɓi ya sa ta koma gida ba ta daɗe ba. Mijin ne ya haɗe Kudu da Arewa a 1914 ƙarƙashin sunan da ta zaɓa. Ta rasu a Ingila a 1929.