Jakunkunan Fata na Ƙasar Hausa da Tarihin Tara Su

Jakar fata tana cikin tsofaffin kayan da dukawan ƙasar Hausa suka yi suna a kansu. Kowace iri da aikinta: gafaka ta adana Alƙur'ani da littattafan malamai, zabira ta wanzami da matafiyi, alabe na kuɗi, burgami na guzuri, taiki kuwa na ɗora hatsi a kan takarkari. Da yake kayan amfanin yau da kullum ne, akan more su har su mutu, shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin da aka san lokacin tara su suna gidajen tarihin Turai ne a yau.

Yadda ake yin su

Aikin yana bi ta hannu uku: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya ɗinka. Majema sukan jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, su kankare ta, sannan su tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko wanda ake haɗawa da kashin maƙera, algashi kuwa daga garin tagulla. Fatar da aka fi nema ita ce ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, saboda laushinta da ƙwarinta. Baduku yakan ƙawata jaka ta hanyar ɗora yankakkiyar fata mai wani launi a kan wata, ko ɗinkin ado da siririn zaren fata, ko ɓare saman fatar don zane ya fito, sannan ya sakar mata geza a gindi.

Fatauci

Littafin Hasan al-Wazzan, wanda aka buga a 1550, ya ambaci masu yin takalma a Gobir da ake kai hajarsu Tumbutu da Gawo. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ta zama matattarar cinikin fata, kuma har yanzu akwai unguwar Dukawa a birnin Kano. Ayarin raƙuma kan bi ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus. Da yake daga tashoshin arewacin Afirka fatar ke shiga Turai, sai masu ɗaurin littattafai a can suka riƙa kiran ta fatar Maroko.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin takalman da ake fitarwa daga birnin a kan wuri miliyan 10 a shekara. Ya kuma sa hoton zabira mai ado a littafinsa, ya ce Larabawa mazauna Kano ne ke ɗinka irinta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai ciniki ya juya zuwa Ikko, kamfanoni kuma suka fi son busasshiyar fatar da ba a jeme ba.

Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ba a cika ganin sunansu a tarihin tara kayan fata ba, gundumomin masarautar Kano ne kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu. Turawan da suka tara kayan fata yawanci a manyan kasuwanni suka saye su, abin da suka rubuta a jikin kati kuma bai cika wuce "Kano" ko "Hausa" ba. Saboda haka sunan birni ya haɗiye na gundumomi, sunan baduku kuwa da wuya a same shi. Abin da masana suka fi rubutawa a kan yankin shi ne zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa da duwatsun kiɗa na Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Dutse yana jure zamani, fata kuwa gara da ɗanshin damina suna cinye ta.

Tarawa a gidajen tarihi

Matafiya ne suka fara kai irin waɗannan kaya Turai, sannan sojoji da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan. Leo Frobenius ya zagaya Nijeriya tsakanin 1910 da 1912 yana tara wa gidajen tarihin Jamus kaya. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan da gidan Pitt Rivers na Oxford duk suna da kayan fatar Hausa. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, a cikin bikin duniyar Musulunci na shekarar. A gida kuwa, an buɗe gidan tarihin Jos a 1952, an kafa dokar kayan tarihi a 1953, daga baya aka mai da Gidan Makama na Kano gidan tarihi.

Kwatanci da jakunkunan Siyu

Al'ummar Siyu ta Amurka, wato Lakota da Dakota, ita ma ta shahara da jakar fata. A can mata ne ke jima da ɗinki. Da ƙayar beguwa suka fara ado, kafin 'yan kasuwa su kawo musu ƙananan duwatsun gilashi daga Banis da Bohimiya a ƙarni na 19. Adon ya fi bunƙasa a ƙarshen ƙarnin, lokacin da aka tsare su a keɓaɓɓun yankuna, bauna ta ƙare, talauci ya sa suka riƙa sayar da kayansu. George Heye ya tara dubban irin waɗannan kaya, ya kafa gidan tarihi a New York a 1916, wanda ya koma hannun cibiyar Smithsonian bisa wata doka ta 1989. Wata dokar Amurka ta 1990 ta ba ƙabilun damar neman a mayar musu da kayan ibada da ƙasusuwan kakanninsu daga cibiyoyin da ke karɓar kuɗin gwamnati.

Halin da ake ciki

Leda da jakunkunan roba na waje sun rage wa dukawa kasuwa, cin ganda ya rage ƙirgin shanu, masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano kuma sun fi karkata ga fitar da fata zuwa ƙetare. Duk da haka ana ɗinka gafaka da alabe da jakunkunan mata a Kano da Sakkwato da Zariya. Tsofaffin jakunkunan da suka saura a gidajen malamai da wanzamai doka tana kare su: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, kuma ba a fitar da shi daga Nijeriya sai da izinin hukumar.