Uksort

Uksort wani umarni ne a harshen shirye-shiryen kwamfuta na PHP, wanda ake amfani da shi wajen tsara jeri mai mabuɗai bisa mabuɗansa, ta hanyar bin ƙa'idar kwatanci da mai rubuta shirin ya ƙirƙira da kansa. Jeri mai mabuɗai shi ne jerin bayanai da kowace ƙima a cikinsa take rataye da sunan da ake kiranta da shi, kamar yadda ƙamus yake haɗa kalma da ma'anarta. A cikin sunan, harafin "u" yana nuni ga mai amfani, harafin "k" kuma ga mabuɗi.

Yadda yake aiki

Umarnin yana karɓar abubuwa biyu: jerin da za a tsara, da kuma aikin kwatanci. PHP yana miƙa wa aikin kwatancin mabuɗai bibbiyu, shi kuma ya mayar da cikakkiyar lamba. Idan lambar ta gaza sifili, mabuɗin farko ne zai gabata. Idan ta haura sifili, na biyu ne zai gabata. Sifili kuwa yana nufin matsayinsu ɗaya. Kowace ƙima tana bin mabuɗinta duk inda ya koma.

Uksort ba ya samar da sabon jeri. Ainihin jerin da aka ba shi yake sauyawa, abin da yake mayarwa kuma shi ne true. Saboda haka wanda ya rubuta $jeri = uksort(...) zai rasa bayanansa, domin true ce za ta maye gurbinsu.

Misali

Umarnin ksort yana tsara mabuɗai bisa jerin haruffa, don haka zai fara ranakun mako da Alhamis, ya ƙare da Talata. Domin samun tsarin mako na ainihi, ana iya rubuta:

```
$ranaku = ["Lahadi", "Litinin", "Talata", "Laraba", "Alhamis", "Juma'a", "Asabar"];
$matsayi = array_flip($ranaku);
$darussa = ["Talata" => 3, "Alhamis" => 2, "Litinin" => 4];
uksort($darussa, fn($a, $b) => $matsayi[$a] <=> $matsayi[$b]);
```

A nan array_flip ya ba kowace rana lambar matsayinta, daga 0 zuwa 6. Sakamakon shi ne Litinin 4, Talata 3, Alhamis 2.

Haruffa masu lanƙwasa

Kwamfuta tana kwatanta haruffa ne da lambobin da aka ba su. A tsarin Unicode, lambobin ƙ, ɓ da ɗ duk sun fi ta z girma. Wannan ya sa ksort yake jefa kalmomi irin su ƙasa, ɓera da ɗaki can ƙarshe, bayan zuma, alhali a jerin haruffan boko ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ kuma tana bin k. Mai haɗa ƙamus na intanet zai iya gyara wannan da uksort, ko dai ya rubuta jerin haruffan da hannunsa, ko ya yi amfani da Collator na ƙarin intl tare da alamar harshe "ha".

Kurakuran da aka fi yi

Idan aikin kwatanci ya mayar da lamba mai ɗigo kamar 0.5, PHP zai mai da ita 0, sai a ɗauki mabuɗai biyu mabambanta a matsayin daidai. Haka nan dole ƙa'idar ta kasance ba ta saɓa wa kanta: idan A ya gabaci B, B kuma ya gabaci C, to lallai A ya gabaci C, in ba haka ba tsarin zai fito a hargitse. Sannan PHP yana mai da mabuɗi irin "10" zuwa lamba 10, don haka aikin kwatancin zai iya karɓar lamba a inda ake sa ran rubutu.

Tarihi

Rasmus Lerdorf ne ya fitar da PHP a shekarar 1995. A 2015, PHP 7 ya zo da alamar <=>, wadda take mayar da -1, 0 ko 1, ta kuma taƙaita rubuta aikin kwatanci. Gajeren salon fn ya shigo da PHP 7.4 a 2019. Daga PHP 8.0 na shekarar 2020, mabuɗan da aka yanke cewa daidai suke suna riƙe tsarinsu na asali; kafin nan babu tabbacin hakan. A wannan sigar ce kuma aka fara gargaɗi ga aikin kwatancin da yake mayar da true ko false maimakon lamba.

Makamantansa

Umarnin usort yana tsara ƙimomi ya watsar da mabuɗai, uasort yana tsara ƙimomi ya bar mabuɗai yadda suke, krsort kuma yana jera mabuɗai daga ƙarshe zuwa farko. A harshen Java ana samun irin wannan aiki da TreeMap tare da Comparator.