Shiga kai-tsaye

shiga kai-tsaye (suna, mace) Hanyar samun gurbin jami'a a Najeriya ga mai takardar NCE, ko difloma, ko sakamakon IJMB. Ana lissafa masa karatunsa na baya, sai ya fara daga aji biyu, digirin shekara 4 ya koma shekara 3. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke sayar da fom, jami'a kuma ta tantance takardu da darajar sakamako. Wannan hanya tana rage wa ɗan talaka wahala da kashe kuɗi. *Misali:* Yarinyar nan 'yar Mazanya ta ƙasar Jibiya, da ta gama Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ta samu shiga kai-tsaye a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina.